Adakar Kaka da Injin Autanmu

A zauren gidanmu na gado, a zangon Kumasi, akwai wata tsohuwar adaka rataye a bango. Ƙotarta ta yi baƙi don shan hannu, ƙarfenta ya yi tsatsa, ba ta da kunama, bakinta kuma a toshe yake. Mun taso muna ganinta kamar yadda muke ganin uwar maƙera da zugazugi da awartaki a bayan gida, domin mu 'ya'yan maƙera ne. Iyayenmu sun faɗa mana cewa kakanninmu sun biyo ayarin fataken goro ne daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, suka yada zango a Salaga, daga baya suka gangaro Kumasi da masabarsu a kafaɗa.

Irin wannan bindiga tana da dogon tarihi a ƙasar nan. Turawan Denmak da suka zauna a ganuwar Osu, a gaɓar tekun Ankara, har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila ganuwoyinsu, suna cikin waɗanda suka yi ta shigo da ita, har sunansu ya bi ta a bakin Turawa. Mu kuwa muka ce mata adaka, wasu su ce harba-ka-ruga, saboda in ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗura albarushi ta baki, abin da ka harba ya iso ka. Da farko maƙeranmu gyara kawai suke yi wa maharba. Daga gyara suka gane sirrinta, har suka iya ƙera ta ɗungum. Wanda ya taɓa halartar bikin Damba a Yendi ko Tamale, ya ga hayaƙin da Kambonsi ke tayarwa, ya san cewa har gobe tana da matsayi a al'adun ƙasar nan.

Kakanmu ya iya ta ƙwarai, kuma shi ne ya kashe wannan da ke zaure da hannunsa. An ce wani maharbi, amininsa, ya cika wa irinta albarushi fiye da ƙima, ta fashe a hannunsa, ta tafi da yatsunsa uku. Tun daga ranar Kaka ya cire wa tasa kunama, ya toshe bakinta, ya rataye ta inda kowa zai gani. Ya koma ga fartanya da lauje da gatari da ƙofofin ƙarfe, bai sake taɓa aikin bindiga ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Mu da muka biyo baya, yawancinmu Magazin ɗin Suwame ne ya raine mu. Abin mamaki, shi kansa sunan wurin daga rumbun makaman Turawan mulki ya samo asali, amma yau abin da ake yi a can gyaran mota ne da walda da ƙera injuna. A can autanmu ya koyi aikin injin fere ƙarfe, wanda ke juya sandar ƙarfe ana sassaƙe ta kamar yadda masassaƙi ke fitar da turmi daga gungume. Da ya tara 'yan kuɗinsa sai ya sayi wani ƙaramin tsohon inji, ya kafa shi a bayan gida kusa da uwar maƙeran Kaka. Bayan sallar isha'i mukan ji kukan injin, mu leƙa mu tarar yana auna ƙusa da ma'auni, yana murmushi shi kaɗai. Ba don kuɗi yake yi ba, sha'awa ce. Ya gyara wa Inna keken ɗinkinta da aka ce ba a samun kayansa, ya fere wa mai niƙa-niƙan unguwa sabon sandan inji. Muka ce kyan ɗa ya gaji ubansa.

Wata rana ya sauko da adakar Kaka, ya goge ta, ya ce yana so ya mayar mata da ranta, don kawai ya ga ko hannunsa ya kai na Kaka. Ya nuna mana a wayarsa yadda wasu mutane a Amurka ke irin wannan aiki a ɗakunan ajiye motocinsu, a matsayin abin ɗebe kewa. Gaskiya zukatanmu sun rabu biyu. Wani sashe na cewa gado ne, kada ya mutu a hannunmu. Wani sashe kuma na jin tsoro.

Ba a yi mako biyu ba sai ga wani baƙo da daddare, ya yi sallama da autan a ƙofar gida. Ya ji labari, in ji shi, cewa akwai yaro mai hannu a nan. Ba adaka yake so ba, ƙarama yake so wadda za ta shiga aljihu, kuma ya ambaci kuɗin da ya fi abin da yaron ke samu a wata uku. Bai ce shi maharbi ne ba, mu ma mun san ba a farautar gada da irin wannan.

Da safe Kawu ya tara mu a zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi autan ya ce, "Auta, hannunka ya kai na Baba, wannan ba ma musu. Amma ka tambayi kanka me ya sa shi da ya iya ya bari." Ya tuna mana cewa Kumasi ba Amurka ba ce, dokar Gana ta hana ƙera makami ba da izinin hukuma ba, kuma tun 2006 ƙasashen ECOWAS suka ƙulla yarjejeniya kan ƙananan makamai, a 2007 Gana ta kafa hukumar da ke sa ido a kansu. Sannan ya faɗi abin da ya fi doka nauyi a gare mu. Mu 'yan zango ne. In aka yi fashi a ko'ina cikin garin nan, wasu mu suke fara kallo tun kafin a yi bincike. Ranar da aka kama bindiga ɗaya aka ce daga bayan gidanmu ta fito, ba sunan autan za a kira ba, za a ce 'yan zango ne. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma garin nan iyayenmu sun fi shekara ɗari suna tankaɗe shi.

Autan ya yi shiru mai tsawo, sannan ya tashi ya mayar da adakar kan ƙusarta. Ba mu ce bai ji zafi ba. Mu ma mun ji, domin mun san akwai wani ilimi na Kaka da zai bi shi kabari, kuma da saninmu muka bar shi ya tafi.

Injin dai bai daina kuka da daddare ba. Yanzu wani ɗan injin dakan sakwara yake haɗawa, ya lalata na farko da na biyu, yana kan na uku. Yara biyu na maƙwabta, ɗaya Bahaushe ɗaya Ba'asante, suna zuwa suna riƙe masa fitila, yana koya musu karanta ma'auni. In sun tambayi labarin bindigar da ke zaure, yakan ce musu su je su tambayi Kawu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa wa hannuwan 'ya'yanmu albarka.