Bencin Ƙofar Masallaci

Wannan watan zancen kawuna zan yi muku, yayan mahaifiyata, wanda ya haura shekara 80 a nan Kumasi.

Tun ina yaro na san shi da al'ada ɗaya. In an idar da Magariba ba ya shiga gida, sai ya zauna a bencin ƙofar masallaci, shi da wasu tsofaffi uku, har a kira Lisha. Hirar ba ta wuce farashin goro, da wanda ya rasu, da wanda ya aurar da 'ya. Mu dai muna ganin ɓata lokaci ne kawai.

Ran 15 ga Maris 2020 Shugaba Akufo-Addo ya hana taro saboda korona. Aka rufe masallatai, aka ce jana'iza kada ta wuce mutum 25. Ran 30 ga watan kuma aka kulle Kumasi na mako uku. Da yake an ce cutar ta fi illa ga tsofaffi, ni na tsaya kai da fata kada kowa ya shiga ɗakinsa, har jikoki. Muka kafa bokitin Veronica a tsakar gida. Koko da ƙosai da safe, tuwo da dare, a ajiye a bakin ƙofa a juya. A ganina na gama sauke hakkinsa.

Sai kwano ya fara dawowa da rabin tuwo. Na sayo masa waya, na tsaya ta taga na ce, "Kawu, ga wannan, ka riƙa kiran abokanka."

Ya juya ta a hannu, ya ce, "Ɗana, ai ba kullum muke magana a bencin nan ba. Wani lokaci zama kawai muke yi. Ana zama a waya?"

Ban sami amsa ba.

An ɗage kullen a Afrilu, amma masallatai na rufe har azumi ya shigo. Cikin azumin nan babban amininsa ya rasu. Na ɓoye masa sai da aka dawo daga maƙabarta, wai don kada ya ce sai ya je. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, wa ya yi masa salla, sannan ya juya fuska bango. Har yau abin yana cina.

Ran Juma'a 5 ga Yuni aka buɗe masallatai, mutum 100 kacal. Tun hantsi Kawu ya sa babbar riga. Bayan Magariba ya nufi benci da takunkumi a fuska. Ɗaya tsohon 'ya'yansa ba su bar shi ya fito ba, saboda haka su biyu ne, kowa a gefensa, wurin marigayi a tsakiya ba kowa. Na daɗe a tsaye, sannan na je na zauna a wurin.

Muka yi shiru mai tsawo. Can Kawu ya dube ni ya ce, "Nawa goro yanzu a kasuwa?" Wallahi ban sani ba. Washegari na je na tambayo.