Kayan da Maven ke ɗaukar mini

Ana gobe zan gabatar da aikina gaban malamai, manhajar da na shafe wata biyu ina rubutawa da Java ta ƙi tashi. A kwamfutata, in na buga `mvn exec:java`, sumul take aiki. Da na ƙunshe ta cikin jar na kai kwamfutar abokina, `java -jar` ya amsa mini da NoClassDefFoundError.

Na daɗe ina zargin kwamfutarsa, ashe laifin nawa ne. Java ba ta fita neman kayan aiki da kanta, sai an miƙa mata jerin wuraren da za ta duba, bi da bi. Duk tsawon lokacin nan Maven ne ke haɗa mini jerin ban sani ba: ya karanta pom.xml, ya ɗauki target/classes, sannan ya jero kowane jar daga ma'ajiyar .m2. Shi kuwa `java -jar` ko kallon `-cp` ba ya yi. Layin Class-Path na cikin MANIFEST.MF yake bi, ni kuma ban rubuta shi ba.

Sai gab da asuba na buga `mvn dependency:build-classpath`, na ga jerin da idona: jar 11, alhali uku kawai na ambata cikin pom.xml. Sauran takwas ɗin, waɗancan ukun ne suka jawo su.