Ƙura Ce Ta Shaƙe Ta

A garin Udubo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa, akwai wani saurayi wanda sana'arsa ita ce zana katin gayyatar aure da kalanda da hotunan 'yan takara a kwamfuta. Kwamfutar irin ta ɗorawa a cinya ce, 'yar gwanjo, wadda ya sayo daga Kano bayan ya sayar da awakinsa. Da ita yake ci, da ita kuma yake ɗauke wa mahaifiyarsa kuɗin cefane.

To, a watan Afrilu na 2024, bayan ƙaramar Sallah, sa'ad da zafin rana kan haura digiri 40 a wannan yanki, sai na'urar nan ta ɓullo da wani hali. In rubutu ne za a yi, lafiya lau, ta yini tana aiki. Amma da ya buɗe CorelDRAW ko Photoshop ya ɗora manyan hotuna, ba ta yin minti ashirin sai ta sandare. Kibiyar allo ta ƙi motsi, maɓallai su ƙi amsawa, fanka kuwa tana ta huci. Sai dai ya danne maɓallin kashewa, duk abin da bai adana ba ya bi ruwa.

Yana da ƙane ɗan shekara 14 wanda kan ari kwamfutar da dare ya buga ƙwallon PES. Ran nan ana tsakiyar wasa ta sandare a hannun yaron, wan kuwa yana tsaye. Nan take ya yanke hukunci. Ya zage shi tas a gaban abokansa, ya ce wasan banzansa ne ya kashe masa hanyar abinci, ya kuma hana shi taka ƙofar shagon. Yaron bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai ya tafi.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi wuya ba. Wani mai tura waƙoƙi a waya ya ce ƙwayar cutar kwamfuta ce, maganinta a goge komai a sake zuba Windows. Wannan gogewa dai ta zama wa masu gyaran kan titi kamar maganin mai talla a tasha, wanda yake warkar da basir da ciwon ido da mayu gaba ɗaya. Aka goge, zanen mutane na shekara biyu ya tafi tare da ita, bayan kwana uku kuma ta sake sandarewa kamar ba a taɓa ta ba. A lokacin ya riga ya karɓi kafin alƙalami na katin ɗaurin auren 'yar wani dattijo, saura kwana huɗu a fara rabawa.

Da asuba ya hau mota zuwa Azare, aka kwatanta masa wani mai gyara da ya kwana biyu a sana'ar. Mutumin bai ɗauki sukundireba ba tukuna, tambaya ya fara yi. "Ƙanena, da ka kunna take tsayawa, ko sai ta jima tana aiki? Da rana ta fi yi ko da dare? A kan me kake ɗora ta?" Saurayin ya ce sai ta jima, ta fi yi da rana, kuma a gida a kan katifa yake aiki. Mai gyara ya yi murmushi, ya zuba wata manhaja mai suna HWMonitor da ke nuna zafin cikin na'ura, ya buɗe babban hoto. Suna kallo lambar ta tashi daga 60 da wani abu, ta wuce 95, allon ya ƙame.

A nan ne ya yi masa bayani. A cikin kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa mai lissafi, wato furosesa, akwai kuma sashen da ke zana hoto. Rubutu ba ya wahalar da su, amma wasa da zane suna sa su aiki iyakar ƙarfinsu, su yi zafi. Wani ɗan bututun tagulla ne ke kwashe zafin ya kai wa fanka, ita kuma ta hura shi waje. Idan zafin ya doshi digiri 100, na'urar kan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, in abin ya ci tura ta tsaya ko ta mutu. Da ya kwance murfin, sai ga ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fankar kamar audugar matashi, ta toshe hanyar iska ruf. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da tagullar kuwa ya bushe ya farfashe. Ya share, ya shafa sabo, ya mayar. Aka sake buɗe hoton nan, lambar ba ta kai 80 ba.

Ya ƙara masa da cewa ba kullum zafi ne ba. In ta tsaya da zarar an buɗe wasa, a fara tuhumar manhajar da ke sarrafa sashen hoto, wadda ake kira direba, a ɗauko sabuwa daga kamfanin Intel ko AMD ko NVIDIA, gwargwadon wanda ke ciki. Tun daga Windows Vista ta 2007, in sashen hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows kan farfaɗo da shi da kanta, shi ne allo kan yi baƙi ya dawo. Mutum ma yana iya danna Windows da Ctrl da Shift da B tare kafin ya kai ga kashewa. Ƙwaƙwalwar wucin gadi ta gigabait 4 ta yi wa irin aikinsa kaɗan, cajar jabu da wutar janareta mai hawa da sauka su ma suna da nasu laifin.

Saurayin ya yi shiru, sa'an nan ya tambaya ko wasan ƙwallo na iya lalata ta. Mai gyara ya ce, "Wasan bai ɓata ta ba, asirinta ya tona. Da yaron bai taɓa ta ba ma, zanenka zai tsayar da ita."

Ya koma Udubo da la'asar, ya samo 'yan katakai biyu ya ɗora ta a kai don iska ta ratsa ƙarƙashinta, ya kwana yana zane, kati ya fita a kan lokaci. Sauran aiki guda ne, shi ne ya fi nauyi, domin a gidajenmu wa ba ya saurin buɗe baki ya ba ƙanensa haƙuri. Kwana biyu yana juya maganar. A dare na uku ya aika aka kira yaron, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa bai shigo ba.

"Ga ni, Yaya."

Wan ya juya kwamfutar ta fuskance shi, ya tura masa kujera da ƙafa, ya ce, "Zo ka gwada mana ita mu gani ko za ta tsaya."