Ƙiriniyar Yarona, Ashe Gado Ce



Shekara uku da suka wuce malamin Islamiyya ya aiko in zo in ɗauki yarona, ya ce ya gaji. Yaron ba ya zama wuri ɗaya, ba ya bari a gama tambaya, kullum ya yar da littafi ko takalmi. Na yi duka har na gaji. Maƙwabta suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, shiru.

A ƙarshe muka kai shi asibiti a Abuja. Likita ya tambaye ni ko akwai mai irin halin a danginmu. Na ce babu. Da na buga wa Hajiya waya a Zariya, dariya ta yi: "To kai fa? Sau nawa malam ya koro ka daga makarantar allo?" Jikina ya yi sanyi.

Likitan ya ce sunan matsalar ADHD, wato ƙarancin natsuwa. Littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, na 2013, ya kasa ta uku: mai kasa tara hankali, mai yawan motsi da gaggawa, da mai haɗa duka biyun. Sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta.

Bincike a kan tagwaye ya nuna gado na da kaso kusan 74 cikin 100 a lamarin. A 2023 masana suka gano wurare 27 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita. Tun 2013 ma an ga tana tarayya a wasu ƙwayoyin da ciwon damuwa da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa.

Na san tsoronmu, mu da muka baro gida: da an ce gado, sai a fara tunanin wa zai ba 'ya'yanmu aure. Shi ya sa muke ɓoyewa, ko mu kira komai hauka. Amma ba ƙwaya ɗaya ke jawo ta ba, kuma gado ba hukunci ba ne. Ga ni nan da kasuwancina da iyalina.

Ni dai na ajiye bulala. Yaron yana ganin likita, malaminsa kuma yana zaunar da shi a gaba, yana ba shi karatu kaɗan-kaɗan. Jama'a, kafin ku ɗaga bulala, ku tambayi iyayenku yadda kuka tashi.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.