Sunan Littafi Mai Tsarki A Garin Turku

Daga Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan, jirgin ƙasa ya kai mu Turku cikin wajen awa biyu. Watan Yuni ne, har ƙarfe goma na dare gari da haske. Da safe muka bi bakin kogin Aura zuwa babbar majami'a, wadda aka keɓe a shekara ta 1300. A gefenta akwai siffar Mikael Agricola, wanda ya juya Sabon Alkawari zuwa harshensu a 1548.

Da muka zauna a ciki, sai muka ɗauki Littafi Mai Tsarki. Ba mu iya karanta ko layi ɗaya ba, sai sunan da ke bisa bango: Raamattu. Muka tambayi mai masaukinmu ma'anarsa, ashe labari ne mai tsawo.

Asalin kalmar Helenanci ce, grammata, wato haruffa ko rubuce-rubuce. Ita ce Bulus ya yi amfani da ita a 2 Timoti 3:15, inda ya tuna wa Timoti littattafan da ya sani tun yana yaro. Mutanen Rasha na dā suka karɓe ta daga Helenawa, suka ce gramota. Daga bakinsu ta shiga Finlan. To, harshen mutanen nan ba ya son baƙaƙe biyu a farkon kalma. Mu Hausawa mukan sa wasali a tsakani, kamar a burodi. Su kuwa yar da na farkon suke yi. Haka gramota ta zama raamattu. Maƙwabtansu na Istoniya har yau kowane littafi raamat suke ce masa.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne wannan. Labarin da aka saba bayarwa ya ce bishara ta zo Finlan daga yamma, tare da sarkin Suwidin da rundunarsa, wajen 1155. Amma risti, gicciye, da pappi, firist, su ma daga gabas suka fito. Masana da yawa suna ganin tun kafin sojoji su iso, mutane sun riga sun ji sunan gicciye, watakila daga bakin fatake. Ko sunan Turku ma daga tsohuwar kalmar Rasha yake, ma'anarta kasuwa.

Da muka fito, muka haye gada zuwa kasuwar garin, muka sayi kifi mai hayaƙi da baƙin burodi.