Ƙofar ɗakin Kaka

A Damagaram, watan Afrilu da watan Mayu su ne tsakiyar bazara. Zafi yakan wuce digiri 40. A da, mutane suna gina ɗaki da bango mai kauri, su rataya asabari a bakin ƙofa. Iska tana shiga, rana tana tsayawa waje. Yanzu gidaje da yawa sun koma ƙofar ƙarfe, don gara ba ta cin ta, ɓarawo kuma ba ya ɓalle ta da sauƙi.

Malam Isa ma haka ya yi. Ya sayar da ragonsa, ya sa mai walda ya yi wa ɗakin mahaifiyarsa ƙofar ƙarfe, aka shafa mata baƙin fenti. Ƙofar tana duban yamma. Daga azahar har faɗuwar rana, rana tana dukanta. Duk wanda ya taɓa ta, sai ya janye hannu da sauri. Ɗakin ya zama kamar tanda. Kaka ta kasa barci, ta rage cin abinci, ta fara ramewa. A asibiti aka ce zafi yana da haɗari ga tsofaffi da jarirai. A riƙa ba ta ruwa, a kuma sama mata wuri mai sanyi.

Malam Isa ya damu, domin ba shi da kuɗin wata ƙofa.

Rabi, ɗiyarsa, tana aji biyar. Ta ba malaminsu labari. Washegari malam ya zo da gwangwanaye uku, biyu baƙaƙe, ɗaya fari. Ya cika su da ruwa. Ya ajiye baƙi ɗaya da farin cikin rana, ya kai ɗayan baƙin inuwar dogon yaro. Bayan awa ɗaya, ƴan makaranta suka tsoma yatsa. Ruwan baƙin da ke rana ya fi zafi, na farin yana biye, na inuwa kuwa ya fi duka sanyi.

Malam ya ce: "Baƙin abu yana shan zafin rana, fari yana mayar da mafi yawansa. Ƙarfe kuma yana wuce da zafi da sauri daga waje zuwa ciki. Amma kun ga inuwa ta fi fenti."

Da Rabi ta koma gida, ta durƙusa ta ce: "Baba, ba sai an cire ƙofar ba. Mu hana rana taɓa ta."

Ranar Lahadi suka kama aiki. Da farko suka kafa rumfa a gaban ɗakin. Da la'asar suka ga rana ta sauko, tana shiga ta ƙarƙashin rumfar. Sai suka tsayar da zana ta wajen yamma, taki uku daga ƙofar, don iska ta samu hanya.

Bayan haka Malam Isa ya goge ƙofar, ya shafa mata farin fenti mai mai, domin farar ƙasa ba ta zama a jikin ƙarfe. Ta ciki kuma kafinta ya ɗaura mata siririn katako, ya bar fili kamar yatsa biyu tsakaninsa da ƙarfen, ya jera kwali a wurin. Katako da kwali da iskar da ke tsakaninsu ba sa wuce da zafi da sauri. Ya gargaɗe su kada a ajiye fitila ko garwashi kusa da ƙofar.

Da rana ƙofar tana rufe. Bayan sallar isha'i sai a buɗe ta, zafin ciki ya fita, Kaka ta kwanta cikin gidan sauro. Cikin mako guda ta koma cin tuwonta.

Zana takan tsufa, iskar damina kuma takan kayar da ita. Saboda haka Rabi ta dasa ɗan dogon yaro yamma da ɗakin, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kullum da safe tana ba shi ruwa kafin ta tafi makaranta.

Tambayoyi
1. Me ya sa ɗakin Kaka ya yi zafi?
2. Wane gwangwani ya fi sanyi? Don me?
3. Ƙofar ɗakinku ina take duba?