Motar da ba ta tashi da turi

Ni mutumin Ɗan Gulbi ne, cikin ƙasar Dakoro. Da damina noma nake yi, da rani kuma ina ɗan fataucin wake da gujiya. Ina so in ba ku labarin motata, don na san a cikinku akwai masu tara kuɗi da niyyar sayen mota.

A shekarar 2022 na sayar da bijimai biyu, na haɗa da kuɗin wake, na tafi Maraɗi. Na sayi wata tsohuwar Toyota Corolla, irin waɗanda aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano bayan sun gama aiki a Turai ko Amurka. Dillalin ya ce mini: "Malam, wannan otomatik ce. Ita ke canza wa kanta giya. Ƙafa ɗaya ta ishe ka." Na leƙa ƙasa na ga abin takawa biyu kawai, totur da birki. Na ji daɗi, don ban daɗe da koyon tuƙi ba. Ban tambayi kowa ba, na biya.

A kan kwalta ba ta da laifi ko kaɗan. Amma kun san hanyoyinmu. Da ka bar kwalta sai rairayi, kuma mu ba ma tafiya da mota wofi. Buhu a baya, mutum shida a ciki. Da zafin bazara man akwatin giyarta yakan yi zafi har ka ji ƙauri. Wannan mai daban yake da man inji. Ja ne, kuma sai na je birni nake samunsa.

Wani dare cikin sanyi aka buga mini ƙofa. Matar ƙanena ce ke naƙuda tun rana, an ce a kai ta Dakoro maza. Na shiga mota na murza makulli, shiru. Batir ya yi sanyi. Samari suka taru suka ce: "Baba, shiga mu tura." Suka tura har bakin rijiya, suka komo da ita, suka sake turawa. Ko tari ba ta yi ba.

Daga baya na gane dalili, ku ma ya kamata ku sani. A motar giyar hannu akwai faifai da ake kira kuloci, wasu na cewa ambiriyaj. Shi ke haɗa inji da ƙafafun mota kai tsaye. In an tura, ƙafafu su juya inji, inji ya tashi. A otomatik kuwa mai ne ke tsakaninsu, kuma injin ne da kansa ke juya famfon da ke matsa man. In inji na kwance, man ma na kwance. Ko duk gari suka tura, aikin banza ne.

A daren nan sai da aka tashi mai cajin waya daga barci, ya ciro batirin solarsa, muka nemi wayoyi muka haɗa. Mun yi kusan awa biyu. Mun isa Dakoro da asuba. Allah ya tashi kafaɗar uwar, amma jaririn bai zo da rai ba. Ban ce motar ce ta kashe shi ba, kwanansa ne bai kai ba. Sai dai awa biyun nan sun daɗe suna hana ni barci.

Na yi niyyar sayar da ita. Duk wanda ya zo tayi, da ya leƙa ya ga abin takawa biyu sai ya rage kuɗi. Sai wani bakanike a Maraɗi ya ce ana iya mayar da ita ta giyar hannu. Na ɗauka akwati za a cire a sa wani, shi ke nan. Ya yi dariya ya ce: "Yaya, zauna in lissafa maka."

Akwatin giya, wanda suke kira bwat, shi ne na farko. Sai kuloci da duk tarkacensa. Sai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ake ɗaurawa a bayan inji, don na otomatik siriri ne, kuloci ba ya kama shi. Sai a huda jikin mota a sa abin takawa na uku, da bututun mansa. Sai sandar giya da wayoyinta. Sandunan da ke juya ƙafafun gaba ma sai da aka canza, don tsawonsu bai zo ɗaya ba. Bayan ƙarfe kuma ga wayoyin wuta da kwamfutar mota, wadda ta saba jin labari daga tsohon akwati.

Shawara ɗaya da ya ba ni ta cece ni. Ya ce kada mu sayi kaya ɗaya-ɗaya a kasuwa, wannan daga nan, wancan daga can. Mu jira mu sami mota irin tawa sak, mai giyar hannu, wadda ta yi haɗari, mu kwashe komai daga jikinta. Mun jira wata biyu. Aikin kansa ya ci kwana tara. Ni kuma ya ci mini raguna uku da buhun wake huɗu. Da na tambayi direbobin tasha tun farko, da ragunan nan suna garke.

Akwai abin da ya kamata ku kiyaye. Otomatik ba ta yarda ta tashi sai sandarta na kan P ko N. Bayan juyi, wannan kariya ta tafi. Sati na farko na bar ta cikin giya, da safe na murza makulli ban taka kuloci ba. Ta yi tsalle ta ture dangar maƙwabcina. Allah ya kiyaye babu yaro a gaba. Yanzu kafin in taɓa makulli sai na girgiza sanda na tabbata ba ta cikin giya.

Kuma kada ku ce giyar hannu ba ta da nata ciwo. In ka kafe cikin rairayi kana ta taka kuloci rabi da rabi, faifan zai ƙone. Na ƙona ɗaya a hanyar Kornaka kafin in koyi rage wa tayoyi iska, in sa giya ta biyu, in tafi a hankali ba tsayawa. Turi ma yana son batir ya kasance da ɗan sauran rai, don famfon fetur da wuta yake aiki.

Da daminar da ta wuce batir ya sake yin sanyi, ranar kasuwa, ga buhuna a ciki. Na kira yara huɗu. Na sa giya ta biyu, na taka kuloci, suka tura. Kafin mu kai gindin gawon da ke bakin hanya na saki ƙafa, ta tashi. Na ba su dala ashirin-ashirin, muka kama hanya.